Matar Mai Gadin Gada

Da Baba ya karye a ƙafa, likita ya ce ya zauna wuri ɗaya har ƙashin ya haɗe. Shi kuwa tsohon direban babbar mota ne, zama ba ya cikin jininsa. Auta, ƙaramar 'yarsa, ta jawo masa kujera gaban talabijin, ta tallafe ƙafar da matashi, ta damƙa masa abin buga gem, wato wasan bidiyo.

Sana'ar Auta ke nan, haɗa bidiyon da ke koya wa mutane yadda za su wuce wurare masu wuya a gem. Hannunta ya faɗa a wasan, amma bayaninta a bushe yake: "Bi hagu. Jira. Danna nan." Yayarta ma ta ce in jaririnta ya ƙi barci, bidiyon Auta take kunna masa.

A cikin wasan, Baba ya maƙale a wata gada da wani ƙato mai kulki ke gadi. Ya kalli bidiyon Auta, ya sake kallo, ƙaton bai fasa jibgarsa ba.

"Auta, wannan bayanin naki kamar takardar da ke cikin kwalin magani."

"Ai komai na ciki, Baba."

"Yana ciki. A kai ne ba ya zama."

Da naci dai ya haye. Washegari amininsa makanike ya zo dubiya, Baba ya tura masa abin wasan.

"Ka ga ƙaton nan? Da matarsa suka yi faɗa, ta hana shi karin kumallo. Shi ya sa yake ta waiwayen dama, can gidansa yake. Da ya waiwaya, ka lallaɓa ta hagu. In ya ɗaga kulki yana huci, kada ka tsaya ba shi haƙuri, wanda ya fito da fushin gida ba ya jin lallashi. Ka mirgina ta tsakanin ƙafafunsa, ka danna na ƙasan nan."

Makanike, wanda bai taɓa riƙe abin ba, bai daɗe ba ya tsallake gadar yana dariya. Auta na tsaye bakin ƙofa da faranti a hannu. Ta ajiye shi, ta roƙi Baba ya maimaita, ta ɗauki muryarsa ta ɗora a kan bidiyonta, ta sa a intanet.

Wannan karon mutane suka kalla har ƙarshe. Waɗanda suka daɗe a gadar suka rubuto cewa sun haye. Sai kuma tambayoyi suka fara shigowa: ina gidan mai gadin yake? Wani ya ce ya karaɗe gefen dama kaf yana neman matar, har ya faɗa kogi.

"Baba, ka ɓatar da mutane. Babu wata mata a gem ɗin nan."

"Ta tafi gidansu," in ji Baba, ko kallonta bai yi ba.

Daga nan suka yi yarjejeniya. Baba zai ba da labari, Auta za ta tace. Duk ƙarin gishirin da ke taimaka wa mai wasa ya tuna inda zai bi, a bar shi. Wanda zai jefa mutum a kogi, a cire. Baba ya so ya ba wani mai kwalekwale da ke gaba a wasan ciwon baya da surukai masu fitina. Auta ta amince da ciwon bayan, don da gaske mutumin yana duƙawa kafin ya kai duka, surukan kuwa ta sallame su.

Suna cikin wannan musu Mama ta dawo daga kasuwa, ta dire jakarta a kan tebur.

"Malam, in za ka sake yi wa wani mata a wasanku, ka yi masa mai kirki. Yau har mai kayan miya, da ta ji muryarka a bidiyon, sai da ta ja ni gefe, wai in daure in riƙa ba ka abinci da safe."