Giɓin da Manhaja Ta Toshe

Tun ranar Litinin Mai Zane ta kasa zama wuri ɗaya. Ta tashi ta buɗe taga, ta dawo ta rufe, ta sake zama gaban kwamfuta tana cizon biro.

Aikinta a masana'antar shi ne zana mariƙi, wato ƙarfen da ke danne ƙarafan birkin keke don kada su motsa yayin da inji ke huda su. Wata huɗu ke nan da ta gaji kujerar daga tsohon mai zane, wanda ya yi ritaya ya bar mata zane-zane fiye da ɗari, babu bayani ko layi ɗaya.

Makon da ya wuce aka sabunta manhajar zanen. Sabuwar tana da wayo, har ya yi yawa: tana duba tsohon zane, ta zagaye duk abin da ta ɗauka kuskure ne da ja. A mariƙin inji na uku ta zagaye wani ɗan giɓi a gefen dama, wanda bai fi kan cokali ba, ta ce ba shi da amfani. Mai Zane ta duba, ita ma ba ta ga amfaninsa ba. Ta danna amincewa, giɓin ya toshe, aka yanka sabon mariƙi sumul.

Tun da aka ɗora shi ranar Litinin aikin inji na uku ya ragu da rabi, ita kuma ba ta san dalili ba. Shi ne abin da ya hana ta sakat.

Ranar Laraba Manaja ya leƙo ofishinta.

"Zanenki lafiya lau yake, na duba," in ji shi. "Bahago ne tsufa ya kama. In bai dawo daidai ba zuwa Juma'a, zan mayar da shi shara, in sa wani a injin."

Bahago shi ne dattijon da ke kan injin shekara ashirin da biyu. Da Manaja ya fita, sai ta miƙe. Ta sauka ƙasa wurin injuna, inda ba ta cika zuwa ba saboda ƙara da idon mutane.

"Yau an ga wata!" Mai Walda ya ɗaga tabaransa yana dariya. "'Yar sama ta sauko. Ko kwamfutar ce ta kore ki?"

Ta yi murmushin dole, ta wuce.

"Sannu da aiki, Baba."

"Yawwa, 'yata," Bahago ya amsa ba tare da ya juyo ba. Gumi na tsiyaya daga gemunsa.

Ta tsaya tana kallo. Ya ɗauki ƙarfe da hagu ya ɗora, ya kai hannun dama zai tokare mariƙin, hannun ya zame. Ya sake, ya sake zamewa. Sai ya tokare da gwiwar hannu, ya karkace kamar mai ciwon baya, sannan ya ja injin. A lokacin ta lura safar hannunsa ta dama yatsu biyu a lanƙwashe suke, babu komai a ciki.

"Baba, da can ina kake sa hannun?"

Ya taɓa gefen mariƙin, daidai inda ta toshe.

"Nan dungun ke shiga. Shekarar da inji ya cinye min yatsun, abokina da kika gada ya yi min wurin. Bai gaya wa kowa ba, ni ma ban faɗa ba."

"To me ya hana ka yi magana tun Litinin? Ko ka goge da magagari?"

"Haba 'yata. Doka ce, ba a taɓa mariƙi sai da zane. Kuma in na yi magana, ke za a ce ba ki iya ba. Ke sabuwa ce, ni na ci zamanina."

Ta koma sama. Sau biyu ta kai ƙofar Manaja ta juyo. Na uku ta ƙwanƙwasa da sauri kafin zuciyarta ta hana ta.

"Ranka ya daɗe, laifin ba na Baba ba ne, nawa ne. Na goge abin da ban fahimta ba."

Manaja ya saurara har ta gama, fuskarsa a murtuke.

"Kin san zan rubuta wannan a takardarki?"

"Na sani."

"Je ki gyara. Sauran zanen tsohon nan kuma, kada ki ƙara taɓa ko ɗaya sai kin tambayi mai injin."

Ta maido da giɓin a zanen. Nan take manhajar ta sake zagaye shi da ja, ta buɗe akwati tana neman dalili. Ta rubuta: Na hannun mai inji na uku ne, kada a toshe. Jan zagayen bai tafi ba, ta bar shi haka. Ta buga takardar ta sauka da gudu.

Bahago ya karanta a hankali, ya zaro magagari daga aljihu kamar dama jira yake. Da ya gama gogewa ya hure ƙurar ƙarfen, ya sa dungun a giɓin, dungun ya zauna daram.

"Matsa baya, 'yata," in ji shi, ya ja injin. "Ina da aikin kwana uku a baya."