Gawar Indo' Sanga a Kan Teku

Indo' Sanga ta rasu a asibitin Makassar da asuba, ta bar wasiyya a binne ta a tsibirin Selayar kusa da mijinta. Ɗanta, Daeng Nompo, shi ne matuƙin jirgin ruwan katakon da ni, Baha, nake kula da injinsa. Muka shimfiɗa ta a rumfar jirgin muka kama hanya, ƙanwarsa Hasna na zaune a kanta da mafici.

Da hantsi jirgin ya soma karkarwa. Kofunan shayi suka riƙa tafiya a kan tebur. Na sauka na tarar sandar ƙarfen da ke juya farfela tana rawa, boris ɗin da sandar ke juyawa a ciki ya yi zafin da ba ya taɓuwa, ruwa kuma na tsartuwa ta inda sandar ta huda bayan jirgi.

Na ƙwala kira: "Daeng, a rage wuta!"

"Baha, ka ga zafin ranar nan kuwa? Uwata ce kwance a can."

"Na gani. Amma in sandar nan ta tsinke, dukanmu za mu bi ta."

Ya rage. Karkarwar ta lafa, sai dai jirgin ya koma jan ciki. Ya sake ƙarawa, katako ya hau kuka. Na danna giris, na jiƙa buhu na naɗe boris, na ɗaure kusoshi har tafina ya fashe. A banza. Muka kashe inji na nutsa ƙarƙashin jirgin, na ga reshe ɗaya na farfelar ya gutsure, sandar ta ɗan karkace.

Da na hau, Hasna ta rufe hanci da mayafi tana kuka.

"Yaya, ta fara canzawa. Don Allah kada mu wulaƙanta ta."

Daeng Nompo ya doki sitiyari da goshi. "Na yi mata alkawari, Hasna! Da bakina!"

Can ya share fuska, ya karkata kan jirgi zuwa wani ɗan tsibirin masunta da muke hange.

Mutanen tsibirin ba su san mu ba, amma suka ajiye taru suka ɗauko fartanya. Limaminsu ya sallace ta bayan la'asar, muka binne ta a gindin bishiyoyin kwakwa. Daeng Nompo ya durƙusa a bakin kabarin yana neman gafararta, har wani dattijo ya ɗaga shi, ya kai shi gidansa ya ba shi ruwa.