Ƙyauren da Ya Tarar a Buɗe

Wari ne ya fara isowa, tun kafin su hango shingen. Lindsay ya ɗaga ƙafa daga totur, jif ɗin ta gangaro daga tudun rairayi na ƙarshe a hankali, matarsa Glenys ta ja wuyan rigarta ta toshe hanci. Can gaba shirwa da hankaki sun cika sama, suna kewaya wuri guda.

Shanu ne. Suna zube a jikin ƙyauren shingen waya, wasu kan wasu. Ta ɗaya gefen kuwa, tazarar da ba ta wuce jifa ba, kwamin ruwa na nan cike fal, yana sheƙi a rana.

"Lin," in ji Glenys. Ba ta ƙara komai ba.

Ba sai ta ƙara ba. Ran da za su shiga hamadar, farkon mako, sun tarar da wannan ƙyauren a wangale, an tokare shi da dutse. Da safiyar ranar wasu samarin birni sun wuce su a guje, kiɗa na tashi daga motocinsu. Shi kuwa Lindsay a jirgin ƙasa ya ƙare shekarunsa na aiki, yana kula da ƙofofin mashigar layin dogo, kuma a wurinsa ƙofa a buɗe hatsari ce da ke jiran lokacinta. Ya sauka, ya shure dutsen, ya jawo ƙyauren. Glenys ta leƙo ta taga ta ce ai ƙa'idar daji ita ce a bar ƙyaure yadda aka same shi. Ya ce ƙa'idar ta masu hankali ce, ba ta yaran da suka wuce ba. Da ya ga sarƙar ta yi sako-sako, har ya yanko igiyarsa ruwan ɗorawa ya ɗaure tamau, ya ƙona bakinta da ashana don kada ta warware. Ya koma mota yana jin daɗin kansa.

Wata mace tana tsaye kusa da a-kori-kura, bindiga a hannunta. Ta gama harbe waɗanda suka kasa tashi ke nan. Ta matso tana goge fuska da bayan hannu.

"Daga rairayi kuke? Sannunku. Kuna da isasshen ruwa dai ko?"

"Muna da shi," Lindsay ya ce, muryarsa kamar ta wani.

"Narelle sunana, nan gandunmu ne. Ku yi haƙuri da abin da kuka tarar." Ta nuna bayansu da haɓa. "Injin rijiyar wancan ɓangaren ne ya mutu. Na aiki Babana ya buɗe musu nan su riƙa shan na wannan kafin a gyara. Ya dawo ya ce mini ya buɗe. To, ga buɗewar kun gani." Ta jefa bindigar bayan mota. "Ku biyo ni gida ku sha shayi, don Allah. Ba na son in zauna daga ni sai shi yau."

Tsohon, mahaifinta, yana zaune a baranda, hularsa a gwiwa, dogo ne wanda rana ta busar. Merv ake ce masa. Da ya ga lambar motarsu sai ya yi ƙoƙarin murmushi.

"A'a, mutanen birnin Adelaide! An je an ɗauki hoton yashi ke nan? Ai da kun tambaya da na cika muku buhu kyauta, ku huta da ɓata taya."

Glenys ta yi dariyar ladabi. Narelle ta kawo shayi da burodin gida, ta zauna, ta miƙa tafin hannu kan tebur.

"Baba, makullin mota."

"A gaban baƙi, Relle?"

"Gara a gabansu, kada mu yi faɗa. Na yi waya garin Port Augusta. Gidan kula da tsofaffin nan sun ce har yanzu akwai ɗaki."

"Na buɗe shi," in ji Merv. "Na buɗe, na tokare da dutse, na tsaya har na ga ta farko ta shiga."

"Baba, a ɗaure na same shi. Da igiya."

"Ba ni da igiya ruwan ɗorawa."

"Kai da kake tsince duk tarkacen da ka gani a hanya? Wancan watan ka bar tukunya kan wuta ta ƙone ƙurmus. Jiya ka kira kare da sunan wanda ya mutu tun ina makaranta."

Tsohon ya sunkuya yana kallon hannayensa, yana juya su, kamar zai tambaye su abin da suka aikata ba da saninsa ba.

"Ko dai wancan makon ne na buɗe?" ya ce a hankali.

Lindsay ya kurɓi shayin, ya ƙona masa harshe, bai damu ba. Zuciyarsa ta riga ta fara jera masa hujjoji, kuma abin da ya fi ba shi tsoro shi ne babu ƙarya a cikinsu ko ɗaya. Gaskiya ba za ta tayar da saniya ko guda ba. Tsohon dama mantuwa ta kama shi, in bai tafi bana ba zai tafi baɗi, wataƙila ma bayan ya yi ɓarnar da ta fi wannan. Shi kuma ba da mugunta ya rufe ba, da niyyar taimako ya rufe. Abin da ake bukata daga gare shi kawai ya shanye shayinsa, ya yi godiya, ya kama hanyar kwalta. Ya saci kallon Glenys. Ba ta kallonsa. Ta tsura wa kofinta ido, kuma ya san cewa in ya yi shiru ita ma za ta yi shiru, su tafi da shirun har gida, ya zauna tare da su a falo.

Merv ya zaro makullin daga aljihu, ya tura shi tsakiyar tebur.

"Ɗauki. Wanda ya kashe shanunsa da ƙishirwa ba shi da bakin magana."

"Ni na rufe," in ji Lindsay.

Duka suka juyo. Ya faɗi yadda aka yi, a taƙaice, yana kallon katakon tebur. Da ya gama ya ɗago yana jiran zagi, sai ya tarar Narelle na masa wani murmushi na gajiya.

"Na gode, bawan Allah. Kai mutumin kirki ne. Amma kada ka yi masa haka. Bara ma da ya bar famfo a buɗe, maƙwabcinmu cewa ya yi shi ne. Kowa rufa masa asiri yake, ni ke kwasar gawa."

"Bar shi, aboki," in ji Merv. "Ba na karɓar sadaka."

"Ba sadaka ba ce! Ni ne!"

"Haba. Mutum mai furfura kamarka, da motar da aka shirya haka, ai ba zai rufe ƙyauren da ya tarar a tokare ba. Ko yara sun san wannan."

Lindsay ya ji kunnuwansa sun yi zafi. Hanya ta biyu ke nan aka buɗe masa ya fice, kuma ta fi ta farko faɗi: ya riga ya faɗa, su ne suka ƙi yarda. Ya miƙe. Ya sauka daga baranda, ya buɗe bayan jif, ya ɗauko naɗin igiyar, ya dawo ya ajiye kusa da makullin. Ruwan ɗorawa, da baƙin zare a jikinta, bakinta a ƙone.

Narelle ta daɗe tana kallonta. Sannan ta sa hannu a aljihun wandonta, ta fito da guntun da ta yanke a ƙyaure, ta jera su. Murmushin ya bar fuskarta. Ta ɗauke kofin da ke gaban Lindsay, ta watsar da sauran shayin a ƙasa, ta shige ciki.

Merv bai kalli igiyar ba. Lindsay yake kallo.

"Da dutse a wurin?"

"Da shi."

"Wane iri?"

"Ja, mai faɗi. Ni na shure shi."

"Ja, mai faɗi," tsohon ya maimaita, ya lumshe ido. Ya jima a haka, leɓensa na motsi. Da ya buɗe, sai ya miƙa hannu ya jawo makullin, ya ɗora hularsa.

"Tashi, mutumin birni. Akwai gawar da za a ja zuwa rami kafin rana ta yi mata aiki. Madam, ki zauna, ki bar Relle ta huce da kanta."

Shi ya ja a-kori-kurar, Lindsay na gefe. Da suka isa ƙyauren farko bayan sun bar gidan, Merv ya taka birki, ya ɗora hannu biyu kan sitiyari.

"Me kake jira? Na gefen direba ke sauka ya buɗe."

Lindsay ya sauka, ya zare sarƙar, ya ja ƙyauren, motar ta wuce ta tsaya. Ya tsinci kansa tsaye cikin rana, ƙarfen na ƙona masa tafin hannu, ya kasa gaba ya kasa baya.

"In rufe?" ya ɗaga murya.

Tsohon bai juyo ba. Ta madubi ya dube shi.

"Yaya ka same shi?"

Yanzun nan ya buɗe shi da hannunsa. Duk da haka, sai da Lindsay ya tsaya ya yi tunani.