Ma'aunin da Ba a Ɓare Ba

Haƙoran garma arba'in manoma suka dawo da su, duk sun lanƙwashe kamar cokalin roba. Mai masana'anta ya sa aka zube su a gaban tankin da ake tsoma ƙarfen da ya yi ja da wuta don ya yi tauri, ya ce a kira Injiniya.

Ta zo ba fargaba, don ta san lissafinta. Kwandon ƙarfe kilo ashirin, zafinsa digiri ɗari takwas, in ya faɗa ruwa lita ɗari, zafin da ƙarfen ya rasa ruwan ne ke kwashewa: kusan digiri goma sha bakwai a kowane tsomi. Bayan tsomi biyu dole a sauya ruwa, in ba haka ba ƙarfe wanka kawai yake yi. Ta rubuta wannan, ta manna a bango, ta damƙa sabon ma'aunin zafi a hannun shugaban maƙera. Shi kuwa kawunta ne, wanda ya fara koya mata riƙon guduma.

"Ranka ya daɗe," in ji Kawu, idonsa a ƙasa, "shekara talatin da yatsa nake gwada ruwa, ko allura ba a taɓa dawo mini da ita ba. Takardar 'yar nan muka bi."

Maƙera suka gyaɗa kai. Wani ya ce, "Ai biro ba ya ƙira." Aka yi dariya.

"Injiniya," in ji mai masana'anta, "in lissafinki ne, yau za ki ajiye makullin ofis."

Ta dubi tankin: tururi yake yi, ga kwando na shida yana jiran layi. Sauya ruwa sai an jawo tiyo, an tsaya minti ashirin. Abin da suka yi wa ƙyuya ke nan, kuma a kansa Kawu ya miƙa ta.

Ta taka zuwa teburinsa, ta jawo aljihun. Ma'aunin na nan kusa da kofin shayi, cikin ledarsa, ko ɓarewa ba a yi ba.

"Haba, uwata," ya ce ƙasa-ƙasa. "A gaban mutane?"

Ta yage ledar da haƙori, ta tsoma ma'aunin a ruwa. Jan layin ya haura tamanin bai tsaya ba. Ta miƙa wa Kawu.

"Kai ka karanta masa, Kawu. Ni an ce ban iya lissafi ba."