Rakin Mai Awaki

"Raki ne kawai, Malam. Ni ba na yi nawa na tashi ba?"

"To ai ke ƙarfe ce," in ji Mai Awaki daga cikin bargo, haƙoransa na kaɗawa. "Ni kuwa kin lalata ni da tarairaya."

Ina bakin ƙofarsu da ruwan zafin da Inna, matarsa, ta roƙa. Na girma ina jin tsokanarsu ta kan katanga, ina fatan Allah ya ba ni irin wannan zama.

Tare suka karɓi haihuwar awakinsu, tare suka share garken. Bayan 'yan makonni Inna ta yi ɗan ciwon kai da kasala, ta warware. Da nasa ya zo, sai suka auna shi da nata. Zufa ta jiƙa katifa, kansa na sara ta bayan idanu, tari ya kama ƙirjinsa, amma kunya ta hana shi zuwa asibiti kan abin da bai kwantar da matarsa ba.

Sai da numfashi ya gagara muka kai shi. Likita ya ce zazzaɓin Q ne, daga ƙurar garken da awaki suka haihu ake shaƙarsa.

"Ai ni ma na shaƙa," Inna ta ce.

"Ya fi nuna kansa a jikin maza, Mama. Mata da yawa ba sa ma sanin sun yi. Sai dai mai ciki, ita ake ji wa tsoro."

Ciwon ya tarar da zuciyar da dama ta gaji. Ranarsa ta ƙarshe Inna ta sunkuya tana gyara masa matashi.

"Na ce maka raki. Ka yafe min."

"Rakin ne mana," ya ce da ƙyar, yana murmushi. "Ina jin daɗin jinyarki."

Bayan an watse daga gaisuwar rasuwarsa, na tarar da autarsu zaune a tsakar gida da tsohon cikinta, tana matsa goshi. Ashe ita ma ta taya su shara.

"Ba komai, Inna, kukan da na sha ne. Zai wuce," ta ce da Inna ta fito.

Inna ta ɗora tafin hannunta a goshin, ta daɗe ba ta ɗauke ba.

"Sa takalminki," ta ce. "Asibiti za mu, yanzu."