Teburin Ustaz Wagdi

A ofishinmu na unguwar Dokki a Alƙahira babu mai iya ganin mutum yana fama da abu ya kame bakinsa. Ka tsaya neman makullinka, mutum uku za su taso su taya ka, wani kuma ya ba ka labarin yadda nasa ya taɓa ɓata. Wannan halin namu ne ya hana ni sakat a makon da Madam Safinaz, mai kamfanin, ta ɗora mini duba takardar Ustaz Wagdi.

Mu masu talla ne, irin hotunan nan da ke bin mutum a gefen shafukan intanet. Ustaz Wagdi, wanda ya girme mu duka, ya haɗa wata manhaja da za a miƙa wa na'ura mai basira, ta riƙa zaɓar shafin da kowane talla zai fito ba tare da sa hannun mutum ba. Na'urar kuwa ba ta da madogara sai takardar bayanin da ya rubuta mata.

"Nirmin, ki faɗa mini ta yi ko ba ta yi ba," in ji Madam. "In ba ta yi ba, in karɓe aikin in ba mutanen Dubai. Hajj Bayyumi mai ɗakin biki ba zai jira mu ba."

Ustaz Wagdi ne ya koya mini aiki. Na koma kujerata, na tashi, na leƙa taga, na sake zama. Tsoro nake ji, tsoron a ce da hannuna aka kayar da shi.

Na fara gwada takardar da mutum. Na zaunar da Tamir, abokin aikinmu da bai taɓa ganin manhajar ba, na ba shi takardar, na ce ya tsara tallan Hajj Bayyumi da ita kaɗai.

"Duk wanda ya yi masa magana, ni da shi ne," na ce.

Ko shayi bai huce ba Ustaz ya fara safa da marwa a bayan Tamir. Ya yi tari. Ya gyara labulen da ba abin da ya same shi.

"Yallaɓai, kai ma dai! Wannan na ƙasan ai sai ka fara..."

"Ustaz!"

"Ni me na ce? Gaisawa muke yi."

Na kore shi, sai ga Hala mai zane ta kawo wa Tamir burodi da wake, ta sunkuya ta raɗa masa abin da Ustaz ya aiko ta da shi. Tamir ya gama, ofis ya ɗauki tafi, ni kuwa kamar in fasa ihu. Kirkinmu muka auna, takarda tana nan ba a taɓa ta ba.

Sai na miƙa takardar ga ita na'urar, a gurbin gwaji inda ba abin da ke fita waje. Ita ba a yi mata raɗa. Ina jira ina kaɗa ƙafa, motoci a ƙasa suna ta oda kamar da ni suke.

Da sakamakon ya fito na kira Ustaz. Ga amaryar da ke tallan Hajj Bayyumi cikin farin kaya, an rubuta "Ranar farin cikinku ta zo!", ga ta daram a shafin sanarwar rasuwa, kusa da hoton wani dattijo. Takardar ta ce a nemi shafin da iyalai suka fi daɗewa a kai. Mu kuwa 'yan Alƙahira ba inda muke daɗewa kamar shafin rasuwa, muna bin sunayen surukai ɗaya bayan ɗaya don mu san gidan da ta'aziyya ta hau kanmu.

"A'uzubillahi!" Ya dafe kai. "Wane mahaukaci ne zai ɗora biki a kan mamaci? Kowa ya san wannan!"

"Akwai hanyar hana ta?"

"Akwai mana, ni na gina ta."

"A ina ka rubuta?"

"In mutum ya kai nan, ai sai ya zo ya tambaye ni."

"Ita ba ta da ƙafar zuwa teburinka, Ustaz."

Ya juya yana kallon teburin nasa, da kujerar baƙi a gefe, da kofunan shayin da yake ajiyewa don masu tambaya. Tun da 'ya'yansa suka koma Kanada shi ne farkon zuwa ofis, shi ne ƙarshen tashi.

"In na rubuta komai, 'yata, wa zai zo?"

Tausayinsa ya kama ni, amma gaskiya ɗaya ce. Na shiga wurin Madam na ce takardar ba ta yi ba, kuma duk Dubai babu mai iya gyara ta, don abin da ya rage yana cikin kan mutum ɗaya. Ta yi tsaki, ta yi mita, ta ba shi lokaci.

Ya zauna ya juye kansa kaf a takarda: shafin rasuwa, labaran haɗari, ranakun makoki, duk abin da ya saba faɗa da baki. Na sake gwadawa, na'ura ba ta yi tuntuɓe ko ɗaya ba. Madam ta bar masa aikinsa, ta sa aka raba wa kowa takardar.

Daga nan kujerar baƙi ta zama wurin ajiye jaka. Tamir ya daina zuwa, Hala ma haka, don me za su tambaya? Ni da na jawo abin na kasa zama. Ranar nan na ƙirƙiro tambayar da na san amsarta, na ɗauke jakar na zauna.

Ya saurare ni har ƙarshe, ya yi murmushi, bai miƙa hannu wajen kofi ba.

"Yana cikin takarda, 'yata," ya ce. "Ke kika duba ta."