Biyarnes 'Yar Tanimu

Tanimu dai mutum ne mai son a sani. Karatun addini ya kawo shi Alƙahira, amma da ya ga 'yan yawon buɗe ido a unguwar Darrasa, sai ya shiga koyon Sifaniyanci don ya riƙa raka su kasuwa. Bai gama ba juyin juya hali ya ɓarke, baƙin suka watse, aka bar shi da yare a baki ba mai saye.

Wata Juma'a matarsa Huda ta haifi mace. Sunan yanka Humaira, ba gardama. Laƙabi kuwa kowa ya san Jummai ne, yadda shi ma ya ci Tanimu saboda Litinin. Amma gogan naka ya ce Jummai ta yi yawa a garinsu Zariya, 'yarsa Biyarnes za a kira ta, wato Juma'a da Sifaniyanci. Huda ta ce sunan kamar na maganin tari, ya yi kunnen uwar shegu.

Ranar suna ɗaki ya cika da ɗalibai, ya sanar da laƙabin yana hura hanci. Sai Alhusaini, ɗan Maraɗi mai nazarin addinai, ya ajiye ƙashin da yake gwaigwaya. Ya ce sunayen nan gadon Rumawa ne, waɗanda suka raba wa gumakansu ranaku: Litinin ta gunkiyar wata, Talata ta gunkin yaƙi, haka dai har Alhamis.

"Juma'a fa?" in ji Tanimu.

"Ta Binus ce, gunkiyar soyayya. Ko zane ba sa ɗaura mata."

Ɗaki ya ɗauki dariya, har wani ya ƙware da shinkafa. Tanimu kuwa ya san laƙabin da ya faɗa bakin ɗalibai ba ya fita, ga shi da bakinsa ya liƙa wa jaririyarsa gunkiya. Ya bi su ɗaya-ɗaya yana roƙo, don Allah Jummai ce. Suka ce khalas, magana ta ƙare, ai yarinya ba ta da laifi.

Sun kuwa cika alkawari, Jummai ta tsira. Sai dai a Masar da sunan ɗa ake kiran uba. Juma'ar da ta zagayo, yana cire takalmi a ƙofar masallaci, mai shayin unguwa ya ɗaga murya daga tsallaken titi yana yi masa barka:

"Mabruk, ya Abu Binus!"